Minti 45 daga Maraɗi zuwa Damagaram: lissafin wa ke nan?

Ƴan uwana malamai, da ku iyayen yara, akwai wata lamba da ta shigo mana lakwal ta ƙofar baya, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tare ta. Lambar ita ce 45. Ka ɗauki waya ka tambaye ta nisan Maraɗi da Damagaram, kafin ka ƙifta ido za ta ce maka kilomita 200 da ɗan ɗoriya ne daga filin jirgin sama zuwa filin jirgin sama, jirgi kuma yana cinye su cikin minti 45 ko abin da ya yi kusa da haka. Wannan amsa yanzu tana zaune cikin kayen yaran CM2 da na kwaleji, har an ja mata layi da jan bik. Wasu yaran daga wayar yayyensu suka kwafo ta. Wasu kuwa, abin takaici, mushe ne da kansa ya rubuta musu ita a allo, domin ya makara bai shirya darasi ba, waya ta shirya masa.

Ban ce lambar ƙarya ce ba. Da ƙarya ce ma da abin ya zo da sauƙi, sai mu goge ta mu wuce. Damuwata ita ce amsa ce ta wata tambaya da babu wanda ya yi ta a gidajenmu. Uwar da ɗanta ya samu aiki a Damagaram, in ta ce "nisa ne?", ba tana tambayar tsawon zaren da za a miƙa ta sama ba ne. So take ta ji in ya tashi da safe yaushe zai isa, nawa zai kashe, kuma in ta kwanta ciwo zai iya iske ta a ranar ko kuwa sai gobe. Makarantar da ta ba yaro lambar sama ta ɓoye masa ta ƙasa ta cuce shi, kuma cutar ba a aji take tsayawa ba, tana bin sa har ranar da zai zauna kan kujerar ofis ya riƙa sa hannu kan takardun da za su tayar da mutane daga garuruwansu.

Mu fara da inda lambar ta fito, don bai dace malami ya koyar da abin da bai san yadda aka ƙera shi ba. Kowane filin jirgi yana da mazauninsa a taswirar duniya, ana faɗarsa da digiri iri biyu: na arewa da kudu, da na gabas da yamma. Mu a nan mun yi sa'a, domin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Difa duk suna jere ne tsakanin digiri 13 da 14 na arewa, kamar kayan da aka shanya a igiya ɗaya. Bambancinsu kusan duka na gabas da yamma ne. A wannan ɗamarar da muke ciki, digiri 1 na gabas yana kai kilomita 108. Tsakanin Maraɗi da Damagaram digiri 2 ne saura kaɗan, ka ga kilomita 200 ɗin sun fito. Tsakanin Yamai da Damagaram digiri 7 ne saura kaɗan, wato kilomita 740 ko kusa. Yamai da Difa digiri 10 da rabi, kilomita 1,130. Babu tsafi a ciki, yaron CM2 da ya iya ninkawa zai fitar da su da alli.

Lokacin tafiyar ne ake yi wa ɗinki. Da yawa daga cikin shafukan da ke ba da wannan amsa abu ɗaya suke yi: su ɗauki gudun babban jirgi, kilomita 800 a awa, su raba nisan da shi, sannan su ɗora rabin awa na tashi da sauka. Kilomita 200 a gudun 800 kwatan awa ne, minti 15. Ɗora 30, ga 45 ɗinka. Yamai zuwa Damagaram haka za su ba ka awa 1 da minti 25. Na'urar ba ta duba ko akwai jirgin da ke bin wannan layi, ko sau nawa yake tashi a mako, ko ya daina tashi tun bara. Ka tambaye ta Tawa zuwa Maraɗi, za ta ba ka minti 50 ba kunya ba tsoron Allah. Da za ka saka mata filin ƙwallon ƙauyenku, shi ma za ta lissafa maka.

Sannan jiragen da aka saba gani suna yawon cikin gida a ƙasar nan ba manyan nan ba ne masu gudun 800. Masu farfela ne, irin su ATR da Fokker 50, waɗanda gudunsu wajen kilomita 500 ne a awa in sun miƙe. A kan kilomita 740 wannan awa 1 da rabi ne cur a sama, kafin ka ƙara hawa da saukowa da zagayen fili. A ɗan gajeren zango kamar Maraɗi da Damagaram kuwa, jirgi bai gama hawa ba zai fara shirin sauka. Kuma fasinja ba daga ƙofar gidansa yake tashi ba. Sai ya nemi abin hawa zuwa fili, ya isa awa 1 ko 2 kafin lokaci, a auna kaya, a binciki jaka, a jira. Can ma in ya sauka ya jira kaya, ya nemi wanda zai shigar da shi gari. Ka tara duka za ka tarar da awa 3 sun tafi. Mai motar da ya bar tashar Maraɗi lokaci ɗaya da shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Wato ko ga mai kuɗin tikitin, 45 ɗin nan ba lokacin tafiyarsa ba ne.

To, ina ga mu da ba mu da kuɗin? Tikitin zuwa da dawowa tsakanin Yamai da Damagaram ya fi ƙarfin abin da malamin kwantaragi ke karɓa a wata. Mu hanyarmu ita ce kwalta, RN1, wadda ake kira hanyar haɗin kan ƙasa. Daga Maraɗi ka bi Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, ka ratsa Maijirgi (garin da ya ci sunan amma ban taɓa ganin ko fiffike a cikinsa ba), ka faɗa Takyeta, Tirmini, sannan ka hango Damagaram. Kilomita kusan 240 ne, ba 200 ba. Awa 3 da rabi zuwa 4 ne in mota lafiyayya ce, in kuma hiyas ce mai tsayawa kowane ƙauye tana sauke buhu tana ɗora akuya, to sai dai ka yi ta salati.

Yamai zuwa Damagaram kilomita kusan 900 ne a ƙasa. Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, sannan ka soma wancan jerin da na faɗa. Bis kan tashi tun kafin kiran asalatu, ta isa bayan magariba, wani lokaci sai isha ta wuce. Ka ce awa 14. Raba 900 da 14, ka samu kilomita 64 a awa, alhali direba in ya samu miƙaƙƙiya yana taka 90 ko fiye. Ina sauran suka tafi? Sun tafi wajen biyan kuɗin hanya, da shingen jandarma, da sallar azahar da la'asar, da cin abinci a Ƙonni ko Madawa, da ramuka, da tudun rage gudu na kowane gari, da garken shanun da suka ga dama suka tsallaka. Wannan tambaya kaɗai, "ina sauran suka tafi?", ta fi darasin gudu da lokaci da ke cikin littattafanmu amfani, domin ita ce ke nuna wa yaro bambancin gudun da allurar mota ke nunawa da matsakaicin gudun tafiya gaba ɗaya.

Tawa ce ta fi tona asirin lambar sama. Daga filin Yamai zuwa filin Tawa kilomita 370 ne kawai in ka miƙe. Amma motocin fasinja kudu suke fara yi, su bi Dosso da Dogon Dutsi har Ƙonni, sai a Tsarnawa su karya arewa. Kilomita kusan 550 ke nan, an ƙara rabin nisan a kan nisan. Yaron da aka koya wa 370 kaɗai bai san ƙasarsa ba. Bai san cewa hanya tana bin inda mutane da kasuwa da ruwa suke ba, shi ya sa ta lanƙwashe ta bi bakin iyakar Najeriya. Wannan ai shi ne ainihin darasin labarin ƙasa, kuma shi ne wayar ta tsallake.

Akwai kuma nisan da babu shafin da ke aunawa, wanda shi ne nisan yaranmu. Yaro ɗan shekara 11 yana tafiyar kilomita 4 a awa cikin rairayi, in bai tsaya jifan magarya ba. Cikin minti 45 kilomita 3 zai yi. Wato lokacin da muke rubuta masa a allo cewa ana zuwa Damagaram daga Maraɗi, shi ne daidai lokacin da ya kashe yau da safe daga bukkarsu zuwa ƙofar aji, kuma zai sake kashe shi in an tashi, rana na dukan ƙeyarsa. Yarinyar da ta gama CM2 a ƙauyen da babu kwaleji, aka tura ta wani gari mai kilomita 15, a taswira ko ɗigon bik bai raba garuruwan biyu ba. A ƙafa kuwa kusan awa 4 ne. Nan ne karatun ƴaƴa mata da yawa ke mutuwa, domin uba ba zai bar ta ta riƙa takawa kullum ba, ba shi kuma da gidan da ya yarda da shi a can da zai ajiye ta. Kowane malamin ƙauye ya san sunayen irin waɗannan yara a rajistarsa. Duk da haka sai mu tsaya gabansu muna auna ƙasar da fiffike.

Na tayar da maganar nan a taron malamai na yankinmu, na kuma sha martani. Wani ɗan uwa, wanda nake ganin girmansa, ya ce ai lissafi lissafi ne: nisa, gudu, lokaci, ko jirgi ka sa ko jaki, ƙa'idar ba ta canzawa, to me ya yi zafi? Gaskiya ne ƙa'ida ba ta canzawa. Amma matsalar lissafi ba ƙa'ida kaɗai take koyarwa ba, tana kuma gaya wa yaro yadda duniya take. Mu da aka horar a makarantar malamai an nanata mana cewa yaro ya iya duba amsarsa ya ce wannan za ta yiwu, wannan ba za ta yiwu ba. In ya lissafa ya samu cewa buhun gero gram 100 ne, ya kamata jikinsa ya ba shi cewa akwai kuskure, domin ya taɓa ɗaga buhu. Yaya zai duba minti 45? Bai taɓa shiga jirgi ba, ubansa bai taɓa ba, mushensa ma bai taɓa ba. Sai dai ya haɗiye. Kuma yaron da ya saba haɗiye lamba ba tare da ya auna ta da abin da ya sani ba, duk wanda ya zo masa da lamba gobe zai sayar da shi.

Wata malama kuma ta ce ina kashe wa yara buri. Ta ce a bar su su ji labarin jirgi, wata ƙila a cikinsu akwai matuƙi. Wallahi ni ma ina so a samu. A nan Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu ba jirage umarni daga hasumiya da masana yanayi da masu kula da na'urorin fili, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, kuma ƙofar ba a rufe take ga ɗan Tasawa ko ɗan Magarya ba. Sai dai duk wanda zai shiga wannan aiki, abu na farko da za a cire masa daga kai shi ne lissafin waya. Su can ba da kilomita ma suke awo ba, da mil na teku ne, mai mita 1,852. Suna lissafa iska, ko tana tura jirgi ta baya ko tana tare shi ta gaba, domin zuwa da dawowa a layi ɗaya ba lallai su zama lokaci ɗaya ba. Suna lissafa nauyin kaya, da zafin rana, domin iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi kamar mai sanyi. Suna ɗaukar man da zai kai su wani filin dabam in ƙurar hunturu ta rufe wanda suka nufa, kuma kowa ya san yadda hazo ke rufe garuruwanmu har ka kasa hango bishiyar da ke bakin makaranta. Matuƙin da ya yarda da "raba da 800 ka ɗora 30" ba zai tsufa ba. Saboda haka mai son ɗansa ya tuƙa jirgi, shi ya fi kowa bukatar a koya wa yaron tambayar "me aka manta a cikin lambar nan?"

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Yaron da muka koya wa nisa da fiffike, wata rana shi ne mai sa hannu. Kuma irinsa sun riga sun cika ofisoshi. Bara wani ofis, ba sai na faɗi sunansa ba, ya kira wata abokiyar aikinmu horon kwana ɗaya a Yamai. Tana koyarwa a wani ƙauye arewa da Gure. Saƙon ya shigo ta WhatsApp ranar Alhamis da dare, taron kuwa Talata da ƙarfe 8 na safe, kuma an rubuta a ƙasa cewa halarta dole ce. Da ta kira ta yi bayanin nisa, wanda ya ɗauki wayar ya ce mata, cikin fara'a ma, ai shi makon jiya ya je Damagaram ya dawo rana ɗaya. Ba ƙarya ya yi ba. Jirgi ya kai shi, mota mai sanyi ta tarbe shi a fili. A kansa Damagaram unguwa ce a bayan Yamai, Gure kuma lungu ne a cikin unguwar.

Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya sa abin ke da wuyar gyara. Mutum ne da ma'auninsa ya lalace bai sani ba. Da irin wannan ma'auni ake tsara ranar kai dosiye, da wa'adin komawa bakin aiki bayan an yi wa malami canjin wuri, da kuɗin guzurin da ake lissafa wa kwana 1 alhali tafiyar ta kwana 5 ce. Da shi ne kuma tawagar masu duba makarantu, ta gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji, ke sauka da hantsi, ta leƙa lakwal 2 da ke bakin kwalta kusa da fili, ta sha ruwa, ta tashi kafin la'asar, sannan a rubuta rahoto a kan jiha sukutum. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, balle ganinsa ta tagar jirgi. Makarantar zana da ke awa 5 daga kwalta ba ta cikin rahoton, domin ba ta cikin zangon da jirgi ya ba su. Wa ke biyan kuɗin wannan kuskure? Yaran da za su zauna mako guda suna kallon allo ba rubutu, a shekarar da dama yajin aiki da damina sun riga sun gutsure ta gaba da baya.

Kada wani ya ce ina gaba da filayen jiragen sama. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 tana bukatarsu, mara lafiyar da za a ɗauko daga Difa ko Agadas shi zai ba da wannan shaida. Na ga kwalliyar da aka yi wa manyan garuruwa a bukukuwan 18 ga Disamba masu zagayawa, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, na kuma san an sabunta filin Diori Hamani na Yamai kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Madalla. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a nuna mini titin saukar jirgi a ce nesa ta zo kusa. Ta zo kusa ga mutum 50 da ke cikin jirgin. Sauran miliyoyin suna nan inda suke.

In ana son a ga abin da ya rage nisa da gaske a ƙasar nan, a dubi jami'o'i. Tun da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mayar Yamai a 1926, komai ya koma can kusurwar yamma, har ya zama Damagaram ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan babban birnin ƙasarta. Shekara da shekaru duk wanda ya ci BAC sai ya ɗauki akwati ya yi Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi. Duk da ƙarancin kayan aiki da ake kuka da shi, ɗan Mirya da ke karatu a jami'ar André Salifou an rage masa kilomita 900, kuma ba jirgin da ya tashi. Abin aka kawo kusa da mutum, maimakon a tayar da mutum ya bi abin. Horon kwana ɗaya ma haka ya kamata a yi masa: mai horarwa mutum 1 ya zo Damagaram, tunda shi ne mai tikitin, maimakon malamai 30 su bar aji 30. Sa hannun da ake tafiyar kilomita 1,360 daga Difa dominsa, me zai hana a ba wani a Difa ikon yin sa?

Wannan magana ce ta manya, mu namu shi ne aji, kuma a aji babu wanda ya ɗaure mana hannu. Duk makarantar da ke da taswirar Nijar a bango tana da abin da ake bukata. In ma'auninta 1 cikin 2,000,000 ne, santimita 1 kilomita 20 ke nan. A ba yaro rula ya auna Yamai zuwa Damagaram a miƙe, zai samu santimita 37. A ba shi zare ya bi jan layin hanya lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya miƙe zaren a kan rula, zai samu kusan 45. Ya ninka kowanne da 20 da hannunsa. Sannan a tura shi gida da tambaya: wa ya taɓa yin wannan tafiya a gidanku, yaushe ya tashi, yaushe ya isa, ina ya kwana? Iyaye, a nan ne muke bukatarku. Kada ku ce ba ku yi boko ba. Direban da ke unguwarku, da tsohuwar da ke zuwa ganin jikokinta a Yamai, da dattijon da ya yi fatauci lokacin da ake ƙirga tafiya da zango da kwana, sun riƙe rabin darasin da babu shi a littafi. Yaro ya zo da amsarsu, mu ajiye ta kusa da ta rula da ta zare, sannan a ƙarshe mu rubuta ta jirgi, mu warware masa yadda aka ɗinka ta.

In kuma ana son abin da zai ba yara mamaki, ba sai an je ga jirgi ba. Duk yaron da ke azumi ya san Damagaram na shan ruwa kafin Yamai, alhali agogon ƙasar ɗaya ne. Duniya na juya digiri 1 cikin minti 4. Digiri 7 saura kaɗan sau 4, kusan minti 27 ke nan tsakanin magaribar Damagaram da ta Yamai. Difa da Yamai minti 42. Wannan lamba ce da yaro zai iya dubawa da kansa, ya buga wa kawunsa waya ya ji ko an kira salla a can.

Ga matsalar da na ba ajina a watan jiya, na gina ta a kan tafiyar waccan malamar, duk wanda ya ga ta yi masa ya ɗauka. Wata malama tana koyarwa a ƙauyen da ke kilomita 40 daga Gure, hanyar rairayi. Mota na fita daga ƙauyen ranar Asabar da Laraba kawai, ta koma da yammacin ranar. Daga Gure zuwa Damagaram kilomita 160 ne, motar safe ce. Bis ɗin Yamai na barin Damagaram da asuba ta yi awa 14, haka ma ta dawowa. An kira malamar taron kwana 1 a Yamai ranar Talata. Tambaya ta farko: kwana nawa na makaranta ajinta zai yi babu malami? Ta biyu: waya ta ce jirgi na yin Damagaram zuwa Yamai cikin awa 1 da minti 25, a wane layi na lissafinka ka yi amfani da wannan lamba?

Yawancin yaran sun ce kwana 4: ta fita Asabar, Lahadi tana Damagaram, Litinin tana hanya, Talata taro, Laraba ta dawo Damagaram, Alhamis ta isa gida, Juma'a ta shiga aji. Yara 6 suka ce kwana 5, domin ranar Alhamis a Gure za ta tsaya, motar Laraba ta riga ta wuce, sai ta jira ta Asabar. Su 6 ɗin duk ƴan ƙauye ne da ke zaune wurin dangi a cikin gari, kuma su na ba cikakken maki. Tambaya ta biyu kuwa, wata yarinya ta rubuta "ba a ko ɗaya ba, mushe", ta ja layi a ƙasa.